Ilimantarwar Tsara ga Tsara a Ƙananan Hukumomin Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin mazauna karkara da masu riƙe da al'amuran jama'a a Ƙananan Hukumomin Gwarzo da Kabo, wato iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kansiloli, da shugabannin makarantu, da ma'aikatan sassan ilimi da lafiya da aikin gona. Abin da ake nufi da ilimantarwar tsara ga tsara shi ne a zaɓi mutum daga cikin wani rukuni na jama'a, a ba shi horo a kan wani fanni, sannan ya koma cikin tsararrakinsa ya koya musu abin da ya koyo: ɗalibi ga ɗalibai, budurwa ga 'yan mata, uwa ga iyaye mata, manomi ga waɗanda suke haɗa iyakar gona da shi. A wannan shafi za mu riƙa kiran irin wannan mutum jagora.

Gwarzo da Kabo suna yammacin Jihar Kano, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Garin Gwarzo yana da nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano, a kan hanyar da ta wuce zuwa Dayi ta Jihar Katsina. A ƙidayar jama'a ta 2006 an samu mutane kimanin 184,000 a Gwarzo da kimanin 154,000 a Kabo, kuma babu shakka adadin ya ƙaru ƙwarai daga wancan lokaci. Kowace daga cikinsu tana da mazaɓu 10. Akasarin jama'ar manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, suna zaune a garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Garo da Gude da Durun, da ɗimbin ƙauyuka da rugage da ke kewaye da su. Duk wanda ya san yawan ma'aikatan da ke sakatariyar ƙaramar hukuma ya san ba za su iya shiga kowane gida ba, ko da kuwa kullum a kan hanya suke kwana. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa hukumomi da ƙungiyoyi suke neman jagorori daga cikin jama'a.

Abin da ya sa maganar tsara take shiga

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ya shafi tarbiyyarmu. Ɗan Bahaushe ya tashi ne cikin kunya da kara. Ba ya haɗa ido da mahaifinsa, ba ya yawan tambaya a gaban manya, kuma idan ɗan fari ne, a gidaje da yawa mahaifiyarsa ko sunansa ba ta faɗa, balle su zauna hira. Wannan tarbiyya ce mai kyau wadda ta riƙe gidajenmu, amma tana da abin da take bari a baya. Yarinyar da ta fara ganin al'ada sau da yawa ba ta iya buɗe baki ta tambayi mahaifiyarta. Yaron da karatu ya shige masa duhu ya gwammace ya yi shiru a bayan aji da a ce ya ɗaga hannu 'yan aji su yi masa dariya. Magidancin da bai iya karanta takardar asibiti ba ba zai so ɗan cikinsa ya zaunar da shi yana nuna masa baƙaƙe ba.

Tambayoyin nan ba sa mutuwa. Wani wuri ake kai su. Yarinya takan kai tata wajen ƙawa a hanyar ɗebo ruwa ko wajen talla, saurayi yakan kai tasa majalisa ko teburin mai shayi, matar aure kuma takan jira gidan suna ko gidan biki. Ke nan ilimantarwar tsara tana gudana a kowane ƙauye ko da hukuma ko babu, sai dai abin da ake koyarwa a cikinta ne ba shi da tabbas. Ta wannan hanya ce jita-jita a kan allurar rigakafi take yawo, ta nan ne kuma shan maganin tari mai sa maye ya bazu a tsakanin matasa har Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da shirin ilimantarwar tsara yake yi shi ne ya sanya mutum ɗaya mai sahihin bayani a cikin wannan hira da dama can ake yin ta.

Har ila yau akwai batun harshe da misali. Jami'in da ya zo daga birni da mota yana iya faɗin gaskiya tsantsa, amma da ya juya baya sai a ce ai shi albashi yake ci, bai san halin da ake ciki ba. Idan kuwa maƙwabci ne ya faɗa, wanda aka san gonarsa da rumbunsa da yawan 'ya'yansa, to wannan uzuri ya faɗi.

Asalinsa a ƙasar Hausa

Wasu suna ɗauka baƙon abu ne da ƙungiyoyin ƙasashen waje suka kawo. Sunan ne sabo. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa malam guda ba shi ne yake biya wa kowane yaro karatu ba. Kolo, wato ƙaramin almajiri, yana koyon babbaƙu da farfaru ne a hannun titibiri ko gardi; su ne suke rubuta masa allo, su biya masa, su saurari haddarsa kafin a ba shi izinin wankewa. Gardi kuma yana kai nasa allon gaban malam a duba masa. Ta haka malam ɗaya yake riƙe da almajirai masu yawa, ta haka kuma gardi yake koyon malanta tun kafin a kira shi malam. Muna so mai karatu ya riƙe wannan siffa, domin za mu dawo gare ta: gardi yana koyarwa, amma akwai malam a bayansa da yake jin abin da ake biyawa, kuma yana gyarawa nan take idan an yi kuskure.

A ɓangaren mata, misali mafi shahara shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ganin cewa matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba, sai ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane gari akan samu dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, a ba ta malafa da jan rawani alamar izini. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wajen Nana, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, sannan su koma su koyar da matan auren da suka bari a gida. Abin lura a nan shi ne naɗin. Malafar ita ce take sanar da mazajen gari da sarakuna cewa matar nan da izini take tafe, don haka babu mai tare ta a ƙofar gida.

A wajen karatu kuma akwai gayya, inda samarin gari suke haɗuwa su nome gonar wani ko su gyara hanya ko su yi yaɓen masallaci, ƙarƙashin sarkin samari wanda su da kansu suka yarda da shi. A nan yaro yake koyon yadda ake raba aiki, da yadda ake tsawatar wa malalaci ba tare da an ɓata ba, da yadda ake zuwa gaban dagaci a yi magana da yawun jama'a. Adashin mata ma makaranta ce ta lissafi da riƙon amana, kuma uwar adashi jagora ce ko da ba a kira ta da wannan suna ba.

Ko kalmar monita da muke amfani da ita a firamare tana da irin wannan tarihi. A shekarun 1790 wani Bature mai suna Andrew Bell ya ga yadda yara suke koya wa junansu rubutu a kan rairayi a Madras ta ƙasar Indiya, ya mayar da abin tsari a makarantarsa, sannan Joseph Lancaster ya yi irinsa a Landan daga 1798 saboda ba shi da kuɗin ɗaukar malamai. Manyan ɗaliban da suke koyar da ƙanana su ake kira monita. Yau aikin monita ya koma rubuta sunayen masu surutu, amma asalinsa mai koyarwa ne.

Shirye-shiryen zamani da suka shafi jiharmu

Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yake cikin manyan jagororinsa, ya dogara ne a kan mutanen gari da suka iya karatun boko, waɗanda ake ba su ɗan horo da ɗan alawus su buɗe aji a zaure ko a gindin bishiya. A 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilimin Manya, wadda ita ce ta farko irinta a Nijeriya, kuma cikin 'yan shekaru aikinta ya samu lambar yabo ta UNESCO. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa a 1990, an yayata tsarin nan na kowa ya koyar da mutum ɗaya ko ya ɗauki nauyin koyar da shi. Tsarin ya yi kyau a takarda, sai dai da yake babu mai bin sawu ya ga wa ya koyar da wa, bai yi nisan da aka yi fata ba.

A fannin lafiyar matasa, ƙungiyar AHIP da Hajiya Mairo Bello ta faro a Kano a 1989 tana cikin na farko da suka horar da samari da 'yan mata domin su wayar da kan tsararrakinsu. Daga 2002 kuma hukumar masu yi wa ƙasa hidima tare da UNICEF suka shigo da wani shiri na ƙasa baki ɗaya a kan cutar ƙanjamau da lafiyar matasa. Akan zaɓi wasu daga cikin masu hidimar tun a sansanin horo, a ba su horo na musamman, sannan kowannensu ya horar da ɗalibai kimanin 40 a makarantar sakandaren da aka tura shi, su kuma ɗaliban su isar ga 'yan ajinsu. Sansanin Jihar Kano yana Kusalla ta Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo. Shirin ya isa makarantu masu yawa da kuɗi kaɗan. Rauninsa a karkararmu a bayyane yake: mai hidima shekara ɗaya yake yi ya tafi, da yawansu ba sa jin Hausa, kuma idan shugaban makaranta bai ɗora wa wani malami na dindindin alhakin ƙungiyar ba, to tafiyar mai hidima ita ce mutuwarta.

Misalin da ya fi kowanne nuna ƙarfin wannan hanya a Jihar Kano shi ne na cutar shan inna. Kowa ya san an dakatar da rigakafin a jihar daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 saboda shakkun da aka yi a kan maganin, kuma ko bayan an dawo da shi gidaje da yawa sun ci gaba da rufe ƙofa. Sarakuna da malamai sun yi aiki babba wajen buɗe ƙofofin nan. Amma daga zaure zuwa tsakar gida akwai tazarar da namiji baƙo ba ya ƙetarewa. Daga 2012 UNICEF ta fara ɗaukar mata 'yan sa-kai masu wayar da kai, kowacce daga unguwar da take zaune. Matar nan ta san gidan da aka haihu, takan je ranar suna a ɗiga wa jariri maganin farko, ta san wadda mijinta ya hana da dalilin hanawar, kuma tana komawa sau biyu sau uku ba tare da an ce baƙuwa ta dame mu ba. An kuma sa waɗanda cutar ta naƙasa su riƙa yi wa magidanta bayani da bakinsu. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, sannan a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i na cutar. Ba mu ce matan nan kaɗai suka yi aikin ba, amma su ne suka shiga inda sauran ba sa shiga. Ana ci gaba da rigakafin saboda wani nau'in da yake ɓulla a inda yara ba su samu cikakken ɗigo ba.

Irin wannan dabara aka ɗauka a rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a watannin damina. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko ne kawai, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake barinsa, kuma a nan ake yawan mantuwa. Don haka akan zaɓi wata uwa da ake ganin girmanta a unguwa ta riƙa zagayawa tana tunatar da maƙwabtanta.

A aikin gona, hukumar KNARDA ta daɗe tana aiki da manoman tuntuɓa, wato malamin gona ya koya wa manomi ɗaya, shi kuma ya nuna wa na kusa da shi. Shirin Sasakawa, wanda ya shigo Nijeriya a 1992 kuma Kano tana cikin jihohin da ya fara da su, ya ƙarfafa wannan da gonar gwaji: manomi ya ware wani yanki na gonarsa ya bi sabon tsarin shuka da sa taki, maƙwabta suna wucewa suna kallo tun daga tsiro har girbi. Haka aka yi da buhun adana wake mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yaɗawa daga 2007. Akan ɗaure buhu a gaban jama'a, a bar shi a hannun wani manomi na garin, bayan watanni a sake taruwa a kwance a ga ko ƙwari sun taɓa shi. Gani ya kori ji.

Game da 'yan mata, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta yi suna da zaman da take shirya wa 'yan matan karkara, rukuni-rukuni, a gidan da iyaye suka amince da shi, inda wata matashiya da ta ɗan girme su take koya musu karatu da lissafi da dabarun zaman duniya. Daga cikin waɗanda suka gama ake ɗaukar masu taimaka wa na baya. A 2017 UNICEF ta ƙaddamar da ƙungiyoyin 'yan mata domin 'yan mata a makarantun wasu jihohin Arewa, ciki har da Katsina. Shirin AGILE kuma, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Kano take cikin jihohi 7 na farko, ya tanadi irin wannan zama a makarantun sakandare ƙarƙashin kulawar malamai mata. A nan jagorar ta fi kama da yaya a kan ƙawa, kuma a ganinmu wannan ya fi dacewa da yara 'yan shekara 12 zuwa 15, waɗanda tsararsu ba ta fi su sanin komai ba.

Wane ne ya fi amfana

Ya kamata mu faɗi abin da bincike ya nuna ba tare da ƙari ba. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe masu tasowa, musamman a fannin lafiyar matasa, sun nuna cewa wannan hanya tana ƙara wa masu sauraro sani, amma sauya ɗabi'a ya fi wuya, kuma ba kullum ake samunsa ba. Abin da aka fi samu a kai a kai shi ne sauyi a jikin jagoran kansa. Saboda haka duk wanda ya ce zai magance shaye-shaye ko barin makaranta a gari da horon kwana uku ga yara goma, ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

Sai dai wannan sauyi na jagora ba ƙaramin abu ba ne. Yarinyar da a da ba a jin muryarta, idan ta shekara tana tsayawa gaban 'yan'uwanta 20 kowane mako, tana kiran suna, tana amsa tambaya, tana cewa wannan ban sani ba sai na tambayo, to ta koyi abin da ba a rubuta shi a allo. Ta iya shirya magana kafin ta faɗe ta. Ta san hanyar ofishin shugaban makaranta da ɗakin shan magani, kuma an san ta a can. Saurayin da ya riƙe littafin ƙungiya ya koyi rubuta bayanin taro da ba da lissafin kuɗi a gaban mutane. Daga irin waɗannan ake samun malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sakatarorin ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda ƙauyukanmu suke ƙarancinsu, kuma da yake 'yan gari ne sun fi zama a inda aka tura su.

Wannan ne ya sa muke ba da shawarar kada a bar jagoranci a hannun mutum ɗaya shekara da shekaru. Tunda mai koyarwa ne ya fi ƙaruwa, to a yawaita masu koyarwa: a riƙa karɓa-karɓa, kowane zango a fito da sababbi. Ƙa'idar kwamitocin kula da makarantu na al'umma ta ba ɗalibai kujeru a cikin kwamitin, namiji da mace. A wurare da yawa sunansu kawai ake rubutawa. Idan shugaban kwamiti ya saba ba su dama su yi magana kafin manya su fara, nan ma wani fagen horo ne da ba ya cin ko kwabo.

Abubuwan da masu ruwa da tsaki za su kula da su

Mafi yawan shirye-shiryen da suka mutu, a wajen zaɓe suka fara mutuwa. Idan aka ji akwai horo a birni da kuɗin mota, sai jerin sunaye ya cika da 'ya'yan masu faɗa a ji da 'yan gidan siyasa, waɗanda wasunsu ma ba a garin suke kwana ba. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: wa yaran nan suke zuwa wajensa da kansu idan abu ya dame su? Sau da yawa ba shi ne na ɗaya a aji ba, ba kuma shi ne ɗan gidan mai unguwa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar rukunin su kawo sunaye uku, sannan mai unguwa da liman da shugaban makaranta su duba halin kowanne su tsayar da biyu. A tuna da 'ya'yan rugage da masu naƙasa da 'yan matan da ba sa zuwa boko, domin ɗan makaranta ba tsaran ɗan kiwo ba ne ko da shekarunsu ɗaya.

Dalilin cewa biyu shi ne kalandar karkara. Da an gama kaka samari da yawa suke tafiya cin rani Kano ko Abuja ko Legas, ba sa dawowa sai gab da shuka. A lokacin ne kuma ake yawan ɗaurin aure, kuma jagorar 'yan mata tana iya tarewa a wani gari cikin mako guda. Da damina kowa yana gona tun safe. Ranar kasuwar garin ba ranar zama ba ce, kuma da azumi dole a sauya lokaci. Shirin da aka tsara a ofis bisa wata 12 daidai wa daida zai tarar da zaure babu kowa rabin shekara.

Sai izini. Jaji ba ta fita sai da malafa. Kafin zama na farko, wajibi ne a gabatar da jagora a gaban dagaci ko mai unguwa, a kira iyaye a karanta musu abin da za a koyar, babi-babi, a ba su dama su tambaya, kuma duk uwar da take so ta zo ta zauna ta ji, a bar ta. Zaman 'yan mata ya kasance da rana, a ajin makaranta ko a gidan dattijuwar da aka yarda da ita, a tashi kafin magariba. Shirin da ya shiga gari a ɓoye, ko ya koyar da abin da ba a faɗa wa iyaye ba, yana rufe ƙofa ga duk wanda zai zo bayansa.

Muhimmin abu kuma shi ne wanda muka ce za mu dawo gare shi, wato malamin da ke bayan gardi. Jagora ba likita ba ne, ba malamin fatawa ba ne, ba kuma malamin gona ba ne. Ba aikinsa ba ne ya rubuta magani, ko ya yanke hukunci a kan aure, ko ya ƙiyasta ma'aunin maganin feshi da ka. Kuskuren da ya fito daga bakinsa ya fi na baƙo saurin bazuwa, saboda an yarda da shi. Don haka kowane jagora ya zama yana da babba guda da aka ambata da suna, malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti ko malamin gona, wanda zai zauna da shi aƙalla sau ɗaya a wata, ya ji tambayoyin da suka gagare shi, ya kuma halarci zaman lokaci-lokaci ya ji da kunnensa. Idan wata yarinya ta faɗa wa jagora cewa ana cutar da ita, ko wani yaro ya nuna alamar ya faɗa shaye-shaye, wannan kaya ya fi ƙarfin ɗan shekara 17. A gaya masa tun farko wa zai kai wa maganar, kuma a horar da shi a kan riƙe sirri, domin sirri ɗaya da ya fita majalisa ya isa ya watsa ƙungiya.

Batun alawus yana da wuya, kuma ba za mu ɓoye ba. Matashin da ya bar sana'arsa ya yi yini yana zagaya gidaje ya cancanci a ba shi wani abu. Amma mun ga yadda zama yake tsayawa cak a watan da kuɗin masu tallafi ya ƙare, domin kowane shiri na tallafi yana da wa'adi. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a rage nauyin aikin yadda ba zai hana neman abinci ba, misali awa biyu a mako, a faɗi gaskiyar abin da za a bayar da ranar da zai ƙare, sannan a haɗa da abin da ba ya ƙarewa da ƙarewar shiri: takardar shaida mai sa hannun ƙaramar hukuma, da yabo a gaban hakimi, da tunawa da sunan jagora idan damar ƙaro karatu ko aikin wucin gadi ta taso. A shekarar zaɓe kuma a yi hattara, domin matasan da aka riga aka tara wuri ɗaya abin sha'awa ne ga mai neman 'yan rakiya, kuma ranar da ƙungiya ta ɗauki tutar jam'iyya rabin iyaye za su janye 'ya'yansu.

Al'ummar da take son kafa irin wannan zama ba sai ta jira wata ƙungiya ta zo ba. Littafi guda na rubuta sunaye da abin da aka tattauna, da wurin zama, da babba mai kulawa sun isa a fara. Idan na makaranta ne, a tuntuɓi shugaban makarantar da ofishin Sakataren Ilimi. Idan na karatun manya ne, a nemi jami'in ilimin manya na ƙaramar hukuma. Na lafiya yana ƙarƙashin sashen lafiya matakin farko, na noma yana wajen malamin gona na yankin, rajistar ƙungiya kuma ana yin ta ne a sashen da ke kula da ci gaban al'umma a sakatariyar Gwarzo ko ta Kabo. Yana da kyau a je da takardar gabatarwa daga dagaci, da sunayen jagorori biyu, da sunan babban da ya yarda zai kula da su.